Sojojin Baka Daga Tel Aviv

Ranar 16 ga Mayu, 2019, kamfanin Facebook ya sanar cewa ya rufe asusu da shafuka da zauruka 265 da suka yi shigar burtu. Masu tafiyar da su suna rubutu kamar 'yan ƙasa, wasu har suna kiran kansu kafafen labarai na gida, alhali daga Isra'ila ake jan akalarsu. An gano hannun kamfanin Archimedes Group na Tel Aviv a ciki. Najeriya da Nijar da Senegal da Togo da Angola da Tunisiya suka fi sa wa ƙahon zuƙa. Asusu wajen miliyan 2.8 ke bin shafukan, an kuma kashe kimanin dala 812,000 a kan talla.

Da masu binciken DFRLab na Amurka suka tona, sai suka ci karo da abin ɗaure kai. Wani shafi ba shi da aiki sai yi wa Atiku Abubakar ba'a, har an yi masa kamannin Darth Vader, mugun nan na fim ɗin Star Wars. Wani kuma, cikin waɗanda aka rufe tare, yabon Atikun yake yi yana nema masa ƙuri'a. Gida ɗaya ke zagi, shi ke kirari. Kuma lokacin da aka kama su an riga an sha biki: an yi zaɓen shugaban ƙasar Najeriya tun 23 ga Fabrairu, an ƙarasa na gwamnan Kano, mai rigimar mazaɓar Gama, ranar 23 ga Maris.

Bakano ba zai riƙe baki sosai ba, don sana'ar ba baƙuwa ba ce a nan. Tun kafin wayar shafa ta cika gari muna da sojojin baka, masu shiga shirye-shirye irin su Kowane Gauta na Freedom Radio su wasa gwaninsu, su yi wa abokin hamayya wankin babban bargo. Da dare a majalisun Mandawari ko Ƙofar Mata sai a ɗora daga inda rediyo ta tsaya. Amma sojan baka na rediyo an san muryarsa, an san unguwarsu, an san ubangidansa. Idan ya zaƙe, akwai wanda zai je ya sami babansa.

Na waya ba haka yake ba. Yaro ɗaya, da layi uku ko huɗu da kuɗin data, zai iya zama mutum goma. Ya yi rubutu da wannan suna, ya danna alamar so da wancan, ya dawo da na uku ya ce wallahi shi ma ya gani da idonsa. Na'urar da ke zaɓar abin da za ta nuna wa jama'a ƙirga ta iya, ba tantancewa ba. Duk inda ta ga cincirindo sai ta ƙara turo mutane. Cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham sun yi bincike a Kano da Oyo kan zaɓen 2019, suka nuna yadda jam'iyyu suka jera zaurukan WhatsApp tun daga sama har ƙasa. A lokacin zaure ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma a watan Janairun shekarar aka taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar. Wannan bai hana komai ba, sai dai ya ƙara wa yatsa aiki.

To wa ke gadin? Saƙon WhatsApp a kulle yake, kamfanin da kansa ba ya ganinsa, balle saƙon murya da ake yawo da shi. A Facebook kuwa na'urar tacewa tana farautar zagi tsirara, mu kuma gwanintarmu habaici ce. Mutum zai gama da kai sarai, bai ambaci sunanka ba, bai furta kalmar batsa ko ɗaya ba. A 2018, bayan kashe-kashen Filato da hotunan ƙarya suka rura wutarsu, BBC ta gano cewa mutum huɗu kacal ke tantance labaran Facebook a Najeriya, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Masu jin Hausar da ke duba munanan hotuna da rubuce-rubucenmu a Nairobi aka ajiye su, ƙarƙashin wani kamfanin kwangila mai suna Sama. Ɗaya daga cikinsu, Kauna Malgwi, 'yar arewacin Najeriya, ta bayyana yadda kallon kisa da fyaɗe kullum ya taɓa mata lafiya. A farkon 2023 Sama ya ajiye kwangilar, aka sallame su. Su fiye da 180 suka kai Meta, mamallakin Facebook, da 'yan kwangilarsa ƙara kotun Kenya, a 2024 kuma mujallar Time ta sa Kauna cikin mutum 100 masu tasiri a fannin ƙirƙirarriyar basira.