Matsalar Riƙo Tsakanin Abu da Ɗabi'arsa a Manhajar Zane: Nazari a kan Clutter

1.0 Gabatarwa

Duk hoton da ya motsa a fuskar kwamfuta ko ta waya, akwai abubuwa biyu a bayansa, wato abin da ke motsin da kuma dokar da ke sarrafa motsin nasa. Mai rubuta manhaja yana haɗa su ne ta wasu tsararrun umarni da ake kira API. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa babbar tambaya wajen tsara irin waɗannan umarni ita ce: tsakanin abun da ɗabi'arsa, wane ne zai riƙe wani? Za a ɗauki misali daga Clutter, wata manhajar zane da kamfanin OpenedHand na Landan ya fitar a 2006, kafin Intel ya sayi kamfanin a 2008.

2.0 Tsarin Farko

Clutter ta ari kalmominta daga wasan kwaikwayo. Kowane hoto ko rubutu ɗan wasa ne, fuskar da yake bayyana a kai kuwa dandamali. Kafin ɗan wasa ya motsa, sai an tanadi abubuwa uku. Na farko jadawalin lokaci, wanda ke ƙidaya tsawon motsin. Na biyu ma'auni mai suna alfa, wanda ke mayar da lokacin da ya shuɗe ya zama lamba, galibi tsakanin 0 da 1. Na uku ɗabi'a, wadda ke karɓar lambar ta sauya wata siffa ta ɗan wasan, kamar girma ko juyi ko bayyana. Alal misali, bayyanar hoto tana tashi daga 0 zuwa 255. In alfa ta kai rabi, sai hoton ya kasance rabinsa a bayyane.

A wannan tsari ɗabi'a ce ke riƙe da jerin 'yan wasa, ta umarnin clutter_behaviour_apply. Amfaninsa a fili yake: ɗabi'a guda tana iya jan hotuna goma su dushe tare, babu wanda zai riga wani.

3.0 Illolin Tsarin

Illa ta farko ta shafi tsawon rayuwar abubuwa. Clutter tana ƙidaya masu riƙe da kowane abu, ba ta share shi daga ma'adanar kwamfuta sai riƙon ƙarshe ya saki. Tun da ɗabi'a ke riƙe da ɗan wasa, shi kuwa bai san da ita ba, nauyin kula da ita ya faɗo a wuyan mai rubutu. In ya sake ta da wuri, motsi ya tsaya; in ya manta da ita, hoton da aka cire daga dandamali zai ci gaba da cin wuri a ma'adana.

Illa ta biyu ita ce karo. Idan ɗabi'u biyu suka kama siffa ɗaya, kowacce za ta rubuta nata adadin, wadda ta zo ƙarshe ita ke rinjaye, domin babu mai raba gardama a tsakaninsu. Ta uku kuwa, tun lokacin ƙirƙirar ɗabi'a ake yanke mafarinta da maƙurarta. Saboda haka in aka katse motsi a tsakiya aka soma wani, sai hoton ya yi tsalle zuwa mafarin da aka rubuta, abin da ido ke kamawa nan take.

4.0 Juya Riƙon

Maganin da masu Clutter suka kawo shi ne mayar da riƙon hannun ɗan wasa. A fitowa ta 1.0, a 2009, an kawo clutter_actor_animate, inda ake gaya wa ɗan wasa siffar da ake so da tsawon lokaci kawai. A fitowa ta 1.6, a 2011, aka ayyana tsohon tsarin ɗabi'a a matsayin wanda za a daina. A ta 1.10, a 2012, ya zamana canza siffar ɗan wasa kaɗai na iya haifar da motsi, salon da Core Animation na kamfanin Apple ya yi fice da shi tun 2007. Da haka motsi yana farawa daga inda hoton yake, sabon umarni yana maye gurbin tsoho, kuma motsin yana ƙarewa da ƙarewar mai shi. Abin da aka rasa shi ne sauƙin jan taron hotuna da ɗabi'a guda.

5.0 Kammalawa

An dakatar da Clutter a matsayin manhaja mai zaman kanta a 2022, amma darasinta bai tsufa ba. Ya kamata mai tsara API ya damƙa riƙo ga wanda ya fi daɗewa a raye, ya kuma san halin da siffarsa ke ciki a kowane lokaci. A mafi yawan ayyuka wannan shi ne abun da kansa. Inda ake son motsin gayya kuwa, sai 'yan wasan su haɗu a kan jadawalin lokaci ɗaya, kowa yana riƙe da nasa motsin.