Tsoron Kujerar Likitan Haƙori: Me Ake Ba Mutum Don Ya Natsu?

 Yau maganar haƙori za mu yi, kuma bari in fara da tona asirin kaina.

Wata bakwai na yi ina yawo da kogo a turmin haƙorina na ƙasa. Wata bakwai fa! Kanumfari na tauna har na gaji, na kuskure baki da ruwan gishiri, farasitamol kuwa ya zama kamar gyaɗa a aljihuna. Kuɗin asibiti ina da shi, tsoro ne kawai ya hana ni. Ina yaro aka taɓa cire min haƙori, mutum biyu suka danne ni, har yau in na ji ƙarar injin nan mai "ziiii" sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Abin da ya kai ni dole shi ne ranar da na tashi kuncina ya kumbura, bakin ma da ƙyar yake buɗuwa. Likitar da ta duba ni ta ce da na ƙara kwanaki, ruɓar tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya, kumburin ya toshe hanyar numfashi. Wato ciwon haƙorin da muke rainawa yana iya kai mutum kushewa.

A ranar na san cewa tsoron ma akwai maganinsa.

Akwai abubuwa biyu da muke cakuɗawa. Allurar da ake yi a dasashi, wadda ke sa leɓe ya yi nauyi kamar ba naka ba, aikinta kashe zafi ne a wurin da za a taɓa. Wadda aka fi amfani da ita sunanta lidokain, wani masanin haɗa magunguna a Suwidin, Nils Löfgren, ya samar da ita a 1943. Tana kashe zafi sosai, amma ba ruwanta da bugun zuciyarka. Kana jin ƙarar inji, kana ganin ƙarafa, kana jin ana jijjiga muƙamuƙinka. Maganin kwantar da hankali shi ke kula da wannan ɓangaren. Shi ya sa ko an ba ka shi, sai an ƙara maka allurar dasashi.

Mafi sauƙinsu ita ce iskar da ake kira mai sa dariya, naitiros oksaid, kuma amfani da ita wajen kashe zafi ma daga likitan haƙori ya faro. A Disambar 1844, a garin Hartford na Amurka, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells ya je kallon wasa inda ake shaƙa wa mutane iskar don nishaɗi. Sai ya ga wani ya bugi benci ya ji rauni a ƙafa, amma ko a jikinsa. Washegari Wells ya sa aka shaƙa masa, aka cire masa nasa haƙorin. Da ya je Boston ya gwada a gaban ɗaliban likitanci, wanda ake cire wa haƙorin ya yi ihu, aka yi ta yi masa dariya. Bawan Allah, ashe shi ke da gaskiya, ga shi har yau ana amfani da ita.

Yadda ake yi yanzu, ana ɗora maka wata 'yar roba a hanci, kana shaƙar iskar gauraye da oksijin, kuma oksijin ɗin ba ya yin ƙasa da kashi 30 cikin 100. Cikin minti 3 zuwa 5 za ka ji jikinka ya saki, yatsu na ɗan tsikari, amma idonka biyu, kana jin likita kana amsawa. Da an gama sai a ba ka oksijin zalla na kamar minti 5, ta fita daga jikinka, galibi ka tafi gida da ƙafarka. Ga yara ma tana da kyau. Sai dai dole hancinka ya zama a buɗe, mai mura ba za ta yi masa aiki ba, kuma ana kauce mata a farkon watannin ciki. Ba kowane asibitin haƙori ke da na'urarta ba a wajenmu, don haka a tambaya tukuna.

Ni ƙwaya aka ba ni. Irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, ko midazolam. Ana sha kamar awa ɗaya kafin aiki, wani lokaci likita ya ba da wata a daren jajibiri don a samu barci. Illarta ɗaya: in ka haɗiye, ka haɗiye. Ba a iya rage ta, kuma jiki ya bambanta, abin da ya kwantar da wancan wani ko gezau. Shi ya sa ga mai tsoro sosai, ko aiki mai tsawo kamar fiɗo haƙorin da ya maƙale cikin ƙashi, an fi son ba da midazolam ta jijiyar hannu. Likita na turawa kaɗan-kaɗan yana kallonka har ka kai inda yake so ya tsaya. Ba barci kake ba, in an ce buɗe baki za ka buɗe, amma da yawa in sun farfaɗo sai su ce "yaushe za a fara?" alhali an gama tuni. Ana maƙala maka 'yar na'ura a yatsa tana auna oksijin da bugun zuciya, kuma akwai wata allura, fulumazenil, da ke warware maganin in ya yi yawa.

Na ƙarshe shi ne a sa ka barci gaba ɗaya kamar za a yi tiyata. Wannan aikin babban asibiti ne da likitan sa barci, irin asibitocin koyarwa na Aminu Kano ko na ABU da ke Shika. Sai an yi awa 6 ba abinci, ruwa kuma a daina awa 2 kafin lokaci, don kada amai ya gangara huhu. A Ingila, bayan mace-macen da aka samu, har da yara, daga ƙarshen 2001 aka hana yin wannan a ɗakin likitan haƙori, sai a asibiti. Don haka in wani ya ce zai "kwantar" da kai gaba ɗaya a wani ɗan shago ba na'urar auna numfashi, ɗauki takalminka ka kama gabanka.

To, ga inda nake son ku saurare ni da kyau, musamman matasa. Na san wani yana can yana cewa, ai kemis ɗin bayan layi akwai Valium, in sha biyu in tafi. Don Allah kada ka yi. Duk waɗannan magunguna suna rage ƙarfin numfashi. In ka sha naka a gida ka yi shiru, likita ya ƙara nasa a kai, an ninka kenan ba tare da ya sani ba. Mafi muni shi ne haɗa su da tiramol, ko kodin, ko giya, don nan ne numfashi ke iya tsayawa mutum na kwance kamar mai barci. Kuma wanda ya saba shan irin waɗannan, adadin da ake ba kowa ba lallai ya kama shi ba. In kana sha, faɗa wa likita. Wallahi ba 'yan NDLEA zai kira maka ba, lissafin magani zai gyara.

Haka in kana da sikila, ka faɗa tun kafin ka hau kujera, don ƙarancin oksijin na iya tayar da ciwon. Haka mai asma, mai juna biyu, mai hawan jini, da mai minsharin nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci.

In ƙwaya ce ko ta jijiya, dole ka zo da babban mutum da zai mayar da kai gida, kuma awa 24 ba tuƙi, ba aiki da inji, ba sa hannu a takarda mai muhimmanci. Ni zan ƙara da nawa: a ajiye waya, kada a wayi gari an tura wa surukai saƙon da ba a tuna ba.

Bayan kumburin ya sauka na koma da ƙanena. Kafin a fara, likitar ta ce, "Malam, in ka ɗaga hannun hagu zan tsaya, ko me nake yi." Sau ɗaya na ɗaga, don in gwada ta ne ma, ta kuwa tsaya cak. Ban san wanda ya fi natsar da ni ba, ƙwayar ko wannan alƙawarin. Da aka gama ƙanena ya tayar da mashin, ta leƙo ta ce a'a, wanda ya sha wannan magani ba ya hawa bayan babur, sai dai a nemo adaidaita. A cikinta na yi barci har ƙofar gida, da auduga a baki.

Wanda aka taɓa shaƙa wa iskar nan a cikinku, ya ba mu labari a ƙasa, ina so in ji ko da gaske tana sa dariya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.