Rage Nauyin Hoto Kafin A Aika Da Shi

Ɗalibin da ya fita bincike yakan dawo da hotuna masu yawa, kamar na shafukan ajami da na tsofaffin takardu. Matsala takan taso idan ya tashi aika wa malaminsa su ta imel. Alal misali, abin da ake iya maƙalawa a wasiƙa ɗaya ta Gmail ba ya wuce megabait 25. Don haka wajibi ne ya san yadda ake rage nauyin hoto, da kuma abin da ake rasawa idan an rage.

Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksil. Hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 4,000, tsawonsa kuma 3,000, yana da ɗigo miliyan 12 ke nan. Kowane ɗigo yana cin bait 3: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Idan ba a matse shi ba, nauyinsa ya kai megabait 36.

Hanyoyin rage wannan nauyi iri biyu ne. Ta farko ita ce rage yawan ɗigogin. Idan aka raba faɗi biyu, aka raba tsawo biyu, hoton zai koma 2,000 da 1,500, wato ɗigo miliyan 3. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na asali, kuma ya isa a kalla a fuskar kwamfuta.

Hanya ta biyu ita ce matsewa. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne JPEG, wanda ya fito a shekarar 1992. Wannan tsari yakan yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye, 8 a kwance, sannan ya zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su. Dalili kuwa shi ne idon ɗan Adam ya fi gane bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Sai dai abin da aka zubar ba ya dawowa. Haka kuma duk lokacin da aka gyara hoton aka sake adana shi, sai ya ƙara rasa wani abu.

A nan ne mai nazarin ajami yake bukatar hattara. Ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne "ba", ɗigo biyu a sama kuma "ta". Idan matsewa ta yi yawa, gefen haruffa yakan dusashe, ɗigo biyu su haɗe, wasali ya ɓace, sai a karanta abin da marubuci bai rubuta ba. Akwai tsarin PNG, na shekarar 1996, wanda yake matsewa ba tare da zubar da komai ba. Ya dace da taswira da jadawali, amma yana da nauyi ga hoton kyamara.

Saboda haka, ɗalibi ya adana hoton asali a wuri dabam, ya yi aiki da kwafi. Ya rage faɗi da tsawo tukuna, sannan ya matse sau ɗaya. Kafin ya aika, ya buɗe hoton, ya faɗaɗa shi, ya tabbatar kowane ɗigo da kowane wasali yana nan.