Ɗumin Jikin Uwa Magani Ne

Duk wanda ya ratsa unguwar Jekadafari ta garin Gombe da safiyar hunturu, zai ga mata goye da 'ya'yansu, an tamke da majanyi. Yaro yana tsala kuka, da an goya shi sai ya yi tsit. Ashe abin nan ya wuce al'ada, magani ne.

A 1978 kwalaben renon bakwaini suka yi ƙaranci a wani asibitin Bogota, ƙasar Kolombiya. Sai Dokta Edgar Rey ya sa mata su riƙa rungume jariransu a ƙirji, fata da fata. Ɗumin uwa ya hana yaro sanyi, numfashinsa ya daidaita, ya sami nono, ita kuma hankalinta ya kwanta.

Binciken da aka buga a 2021, wanda ya haɗa da Ile-Ife, ya nuna fara haka da zarar an haihu ya rage mutuwar irin waɗannan jarirai da kashi 25 cikin 100.

Sai dai a lura, bakwaini ƙirji yake so, ba baya ba. In uwa ta gaji, uba ya karɓa, wannan ba abin kunya ba ne.