Murjani Da Danginsa Na Cikin Kududdufi

Ko iyayenmu mata sun sani murjanin nan da ake yi wa amarya ado da shi aikin dabba ne? Mutanen dā sun ɗauka tsiro ne, ko kuwa dutse. Sai wajen 1725 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya gane ashe waɗansu 'yan ƙananan dabbobi ne suke gina shi. Jan murjani na ainihi a Bahar Rum ya fi yawa. Kowace dabbarsa fara ce, tana da baki guda, da hannuwa takwas kewaye da bakin. Dubbansu suke zama tare, suna ta gina ƙashi ɗaya. Wannan ƙashi shi ake gogewa a huda. Waɗansu danginsu a bakin tekun Ostireliya sun yi gini mai tsawon kilomita wajen 2,300.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon waɗannan dabbobi cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Wani lokaci mai akwati yakan ga baƙin halittu sun fito a jikin dutsensa. To, sai ya natsu ya duba. Da ƙashi a gindinsu, ko babu? Hannuwansu takwas ne, ko kuwa shida-shida ake ƙirga su? Dalili kuwa, wani ado ne, wani yana harbin maƙwabtansa har su mutu, wani kuma da ake kira Palitowa yana da dafin da yakan kai mutum asibiti.

Mu a Kazage teku ya yi mana nisa, amma ɗan'uwan murjani yana zaune cikin ruwan daɗi irin namu. Sunansa haidira. A ɗebo ruwan kududdufi da ludayi mai dogon hannu, tare da ɗan ganyen kainuwa ko na bado, a zuba cikin farar kwalba, a ajiye a inuwa ya kwana. In an yi sa'a za a ga wani abu kamar guntun zare, kore ko ƙasa-ƙasa, kusan tsawon ƙwayar shinkafa, manne da jikin kwalba, ya baza hannuwa. Da an ƙwanƙwasa kwalbar sai ya dunƙule. A 1740 wani malamin yara, Abraham Trembley, mutumin Janeba, ya yanka shi biyu, kowane yanki ya zama cikakkiyar dabba. Haidira ba ta cutar mutum. Ƙananan ƙwarin ruwa take ci.

Amma ba kowane baƙon kwalba ne na kirki ba. Ga uku da ya kamata kowane gida ya sani.

Na fari, ɗan farin ɗigo mai tafiya da zabura, mai ido ɗaya. Shi ne yake ɗauke da 'ya'yan kurkunu. Wanda ya sha shi cikin ruwa, bayan shekara guda kurkunu yakan fito masa. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, aka ci ƙarfinsa. Na ƙarshe an gan shi a 2008, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasarmu ta rabu da shi.

Na biyu, tsutsar sauro. Wadda ta kwanta a miƙe daidai da fuskar ruwa, ita ce ta sauron zazzaɓin cizon sauro. Wadda ta rataye kai ƙasa, ta wani sauro ce dabam.

Na uku, ƙaramar katantanwa. A ɗauke ta da cokali, tsininta na sama, bakinta yana kallonmu. In bakin yana hannun hagu, a yi hattara, gama irin wannan ce take rainon tsargiya. Ƙwayar cutar takan fito daga jikinta ta huda fatar mai wanka ko mai su. Yaron da yake fitsarin jini ba balaga ba ce, ciwo ne, yana kuwa da magani a asibiti. In an bar shi shekaru yakan ɓata mafitsara.

Saboda haka kada yaro ya sa hannu ko ƙafa cikin ruwa garin ɗebowa. In an gama kallo a zubar da shi a busasshiyar ƙasa. Ruwan sha daga kududdufi ko Kogin Mariga a tace a tafasa. Na wanka kuma a bar shi a rufe kwana biyu, gama ƙwayar tsargiya ba ta daɗewa haka in ba ta sami jikin mutum ba. Kwalba ɗaya da idon basira sun isa iyaye su koya wa 'ya'yansu dukan wannan a tsakar gida.