Rikicin Kuɗi da Ajiyar Kamfanoni: Abin Lura ga Mai Fitar da Zakka

Kowane kamfani yakan ware wasu kuɗi a asusunsa domin biyan albashi, sayen kaya da tarar abin da ka iya tasowa ba zato. A lokacin yalwa wannan ajiya ba ta cika yawa ba, domin rance yana samuwa cikin sauƙi. Rikicin kuɗi ne ke sauya wannan lissafi.

Da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a watan Satumba na 2008, bankuna suka daina ba juna rance, balle 'yan kasuwa. Kamfanonin da ba su da ajiya suka shiga karyar da kadarori da sallamar ma'aikata. Waɗanda suka tsira suka rage zuba jari, suka taƙaita rabon riba, suka dukufa tara tsabar kuɗi. A watan Maris na 2020 kuwa, farkon annobar korona, kamfanoni da dama suka yi rige-rigen karɓo rancen da bankuna suka yi musu alkawari tun da farko, suka ajiye shi don gudun kada ƙofa ta rufe.

A Najeriya ma, sai da Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 a 2009 domin ceto bankunan da suka raunana, rance kuma ya yi wuya. Sai dai ajiyar naira tana da nata haɗarin: a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da ke kwance suka riƙa zubar da daraja.

Saboda haka yawan kuɗi a asusu bayan rikici ba lallai ne ya nuna ƙaruwar arziki ba, wani sashensa bashi ne. A mazhabar Malikiyya bashi yana rage zakkar tsabar kuɗi, matuƙar babu wata kadara da za ta iya biyan sa. Abin da ya saura, idan ya kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo, to kashi 2.5 cikin ɗari haƙƙin mabukata ne, ko da don tsoron gobe aka ajiye shi. Muna kira ga masu kamfanoni da su tantance lissafinsu tare da malamai da akantoci, domin shekarar da ajiya ke kumbura ita ce shekarar da talaka ya fi shiga ƙunci.