Daji da ƙarfe: tunawa da wata uwa ta garin Safo

A ƙasar Maraɗi akwai cutar da ba a son kiran sunanta da ƙarfi. In mace ta kamu da ita, sai a sassauta murya a ce «abin nan ne», ko kuwa a ce «daji ne», a yi shiru. Likitoci suna ce mata kansa, tsofaffi suna ce mata sankara. Kowane suna aka ba ta, magana guda ce ke biye da shi a bakin jama'a, daga zauren mai gari har gindin rijiya: wai daji ba ya son ƙarfe. Ma'ana, in aka taɓa shi da allura ko wuƙar likita, sai ya fusata ya watsu, ya kai mai shi kushewa. Wannan magana ta ci rayukan iyaye mata da yawa, kuma ta cinye wa mahaifiyata kusan shekara biyu daga cikin lokacin da ya kamata a ce tana hannun likita.

Inna haifaffiyar Safo ce, garin da ke kudu da Maraɗi cikin kwarin Gulbi, a yankin Madarunfa. Ba ta shiga lakkwal ba. Karatunta na allo ne, gwargwadon abin da za ta yi salla da shi, sai ɗan abin da ta ƙara daga baya a makarantar matan aure. Sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, da rani kuma ta sari zogale da tumatir wurin masu lambun Jiratawa ta sayar a ƙofar gida. Da ribar nan da kuɗin adashe ta sayi awaki, da awakin ta tsaya mana muka yi karatu. Ba a yin biki ko suna a unguwa ba tare da ita ba, kuma ita ake tasa da tsakar dare in haihuwa ta zo wa yarinya da gardama.

Lokacin da ta fara jin wani ƙullutu mai tauri a nononta na hagu, kamar ƙwallon magarya, ba ta gaya wa kowa ba. Dalili na farko shi ne ba ya ciwo. Macen da ta shayar da ƴaƴa bakwai ta san ƙurjin nono, ta san yadda yake zafi da ja da sa masassara, ta kuma san yana fashewa ya warke. Wannan kuwa shiru yake, kuma a nan yaudarar cutar take, domin mafi yawan lokaci sankarar nono ba ta ciwo a farkonta. Dalili na biyu kunya. Ni ne ɗanta na fari, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta so magana da ni sai ta ce «kai, wannan». Uwar da ba ta iya furta sunan ɗanta, ta yaya za ta buɗe baki ta yi masa zancen ƙirjinta? Ga shi kuwa a gidajenmu ɗan da ke aiki a birni shi ke da kuɗin mota da na awo. Wanda ke da halin kai ta likita shi ne na ƙarshen ji.

Ƙanwarta ta fara gaya wa, ƙanwar kuma ta yi abin da kowa ke yi. Aka nemo saiwa da sassaƙe, aka jiƙa, aka shafa, aka sha rubutu. Aka kai ziyara bakin tafkin Madarunfa, inda ake cewa waliyyai 99 suke kwance. Wani mai magani ya karɓi akuya ya yi alkawarin kwana arba'in, tare da gargaɗin kada a kuskura a bar ƙarfe ya taɓa wurin. Kafin maganar ta fito fili, fatar nonon ta soma yin ƙofofi kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, kaluluwa ta fito a hammata.

Ya kamata mu tsaya a kan wannan zance na ƙarfe, domin ba daga sama ya faɗo ba, mutane sun ga wani abu ne da idonsu suka yi masa gurguwar fassara. Sankara tana farawa wuri guda. In aka cire ta tun tana nan, sau da yawa mace takan warke ta ci gaba da rayuwarta. In aka bar ta, sai ta bi ta hammata da jini ta sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta. To, matanmu ba su zuwa likita sai miki ya buɗe, wari ya hana su shiga mutane, wato bayan cutar ta gama tafiyarta. Likita ya yi aiki don ya rage wahala, bayan wata kaɗan mace ta rasu. Ƙauye ya ce: kun gani, wuƙa ta kashe ta. Maƙwabciyar da ke ɓoye nata ƙullutun ta ji haka, sai ta ƙara ɗaure zane, ita ma ta jira har lokaci ya ƙure, mutuwarta ta zama sabuwar shaida. Haka maganar take ciyar da kanta. Matar da aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa ba ta cikin lissafi, domin ba ta tallar abin da aka cire mata, tana tsoron bakin kishiya da na dangin miji.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar nono a duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan gano cutar. A Indiya 66, a Afirka ta Kudu 40. Cutar ɗaya ce, wuƙar ma ɗaya ce. Bambancin yana ga ranar da mace ta isa gaban likita, da abin da ta tarar a can. A nan Nijar, rajistar masu kansa da aka buɗe a Yamai a 1992 ta nuna cewa a cikin mata, ta nono ce a kan gaba.

Akwai masu ɗora laifin jinkirin nan a kan addini, su ce tawakkali ne ke hana matanmu neman magani. Abin da na gani a gidanmu ya saɓa wa haka. Malamin makarantarsu ne, wani dattijo mai sanyin magana, ya warware mata ƙullin da ke zuciyarta. Da ta aika aka tambaye shi ko yarda a yanke wani sashe na jiki rashin haƙuri ne da hukuncin Ubangiji, sai ya amsa cewa jiki amana ne, neman magani kuwa umurni ne, kuma wanda ya halicci cuta shi ya sanar da likita abin da ya sani. Washegari ta ce a nemo mota. Tun daga ranar ba ta sake waiwayar masu saiwa ba, ba ta kuma daina addu'a ba. A wurinta carbi da ƙwayar magani ba su taɓa zama kishiyoyi ba.

Daga Safo zuwa Maraɗi tafiyar kabu-kabu ce. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa fiye da kilomita 600 ne, yini guda cur cikin mota, ga mace mai miki a ƙirji. A can ne manyan wuraren wannan aiki suke, irin su babban asibitin ƙasa da gidan haihuwa na Isaka Gazobi. Tun 2007 gwamnati ta yi dokar da ta ce kula da kansar mata kyauta ne, kuma doka ce mai kyau, wadda mata da yawa na karkara ba su ma san da ita ba. Sai dai doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki, ba ta ciyar da mai jinya, kuma ranar da magani ya yanke sai an nufi farmasi da takarda a hannu. Baba ya sayar da sa, ya ba da gonar fadama jingina. Awakin Inna suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ƙawayenta na biki suka tara abin da suka tara cikin ƙullin zane suka aiko, ba tare da kowa ya roƙe su ba.

An cire nonon duka, tare da kaluluwar hammata. Sa'an nan aka shiga ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, sau ɗaya kowane mako uku. Wanda bai ga wannan magani ba ba zai gane ba: gashi ya zube, baki ya yi ɗaci, ko ƙanshin miya ya sa amai. A nan ne mata da yawa ke gudu, su koma gida bayan zagaye na biyu ko na uku, wasu don wahala, wasu don aljihu ya ƙare. Inna ta kai ƙarshe. In ba ta iya tsayuwa sai ta yi salla a zaune, in ruwa ya gagara ta yi taimama. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne azumin da likita ya hana ta. Ta yi kuka a kansa fiye da yadda ta yi a kan gashinta, har sai da malam ya sake aiko mata cewa rangwamen da Allah ya yi wa marar lafiya kyauta ce, ba a mayar wa Mai kyauta da kyautarsa.

Saura mataki na uku, wato gashi da na'ura, wanda ke ƙone ragowar cutar a inda aka yi aiki. A lokacin babu wannan na'ura ko ɗaya a duk faɗin Nijar. Mai hali ko mai hanya sai a fitar da shi Maroko, ko Tunisiya, ko Faransa. Mutanen Maraɗi kuwa sukan ƙetara ta Ɗan Isa da Jibiya su nufi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, su bi layi. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ke haƙo yuraniyom a Arlit tun 1971, ana kunna fitilun wasu da shi, sai a 2021 ta fara gasa marasa lafiyarta da kanta, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya, AIEA. Shekara hamsin ke nan. Inna ba ta sami gashi ba. Ta dawo Safo da ƙwayar tamoksifen, wadda ake sha kullum har shekara biyar.

Shekarun da suka biyo baya su ne nake so a tuna ta da su. Hannunta na hagu ya kumbura, kamar yadda yakan faru in an cire kaluluwa, ta bar daka da ɗaukar tulu. Amma ta koma kan kaskonta na suya, jikoki na juya mata. Ta aurar da ƴaƴa mata biyu, ta ga suna huɗu, ta fanshi gonar Baba da kuɗin mai. Gashinta ya fito, fari fat. Takan cusa tsumma mai laushi a rigarta in za ta fita, har wata rana ta ce ta gaji, wanda ya ba ta biyu shi ya karɓi ɗaya, ba satarsa aka yi ba.

Daga nan ɗakinta ya zama wani abu dabam. Mata suka riƙa shigowa bayan isha'i, wai sun zo gaisuwa, in ɗaki ya watse sai su kwance zane su ce: «Yaya, taɓa ki ji.» Ita ba likita ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Takan nuna musu tabonta, ta ce ga abin da ƙarfe ya yi mata, shekara kaza ke nan tana cin tuwo. Sa'an nan ta ce gobe a tafi likita, in miji ya ƙi ita za ta aika masa. Ta aika wa da yawa. Magidanta suna jin nauyinta, domin ita ta karɓi haihuwar rabin ƴaƴansu.

A 2021 OMS ta fito da wani shiri na duniya a kan wannan cuta, mai buri uku: a gano aƙalla mata 60 cikin 100 tun cutar tana matakin farko ko na biyu, a gama awo cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Na biyu da na uku aikin hukuma ne, kuma muna da haƙƙin tambayarta inda aka kwana, musamman mu na jihohi da ke nesa da Yamai. Na farko kuwa a cikin gida yake. Ku alhazan kasuwa da ma'aikata masu karanta wannan shafi, kuna aika turmin atamfa da kuɗin rago kowace salla, amma uwa ba za ta gaya muku ba, matar aure ma sau da yawa ba za ta faɗa ba. Ku sa ƴar'uwa ko gwaggo ta tambaya: akwai ƙullutu, ko ruwa mai jini daga kan nono, ko canjin fata, ko kumburi a hammata? Mafi yawan ƙullutu ba kansa ba ne, amma awo kaɗai ke rarrabewa. Ku kuma faɗa da bakinku cewa in aka yi aiki ba saki, ba wulaƙanci, domin tsoron nan yana hana mata fiye da tsoron wuƙa. Tarukan da ake yi a watan Oktoba da riguna masu ruwan hoda suna da amfaninsu, sai dai ba a ɗakin taro matan Safo suke ba.

Cutar ta dawo wa Inna ta ƙashin baya. Da farko ta ɗauka tsufa ne, hoto ya nuna ba haka ba. A lokacin na'urar Yamai ta fara aiki, likita ya ce gashi zai rage mata zafi, ko da yake ba zai warkar ba. Ta auna tsawon hanyar da ƙarfin da ya rage mata, ta ce a bar ta a ɗakinta. Ta biya ƴan basussukanta, ta raba kwanoninta, ta nemi gafarar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da wadda suka shekara goma ba su ga maciji. Ta rasu da asuba, cikin sanyin hunturu, shekara tara bayan aikin da aka ce ba za ta tashi daga gare shi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya jiƙan dukan iyayenmu.

Daga cikin matan da ta tura likita, an tarar yawancinsu ba su da komai sai ƙari marar illa. Ɗaya kuwa, matar wani mai amalanke, an same ta da cutar tun ƙullutun bai kai ƙwallon dabino ba. An yi mata aiki, ta sha ruwan magani, ta sami gashi a Yamai. Ita ce ta karɓi kaskon Inna, kuma duk ranar kasuwa tana nan da kwalaben manta.